Agogon Ingila a Zongon Kwatano

Baƙon da ya sauka Zongo ranar Asabar da hantsi, idan ya bi titin da ya wuce ta gaban babban masallaci ya kutsa cikin lunguna, abin da zai fara jan idonsa shi ne alluna. Ba allon makarantar allo nake nufi ba, baƙin allo irin namu na lakwal, an jingine shi a ƙofar wata rumfar kwano, an rubuta da alli: Arsenal da Chelsea ƙarfe kaza, Real Madrid da Sevilla ƙarfe kaza. Wani lokacin rubutun ya fi na wasu ɗalibaina kyau. A cikin rumfar akwai benci jere-jere, da akwatin telebijin biyu ko uku a rataye, da fanka mai kukan tsufa, a waje kuma ga janareta yana jiran ranar da wuta za ta ɗauke. Kuɗin shiga dala ashirin ne, in babban wasa ne a ce dala arba'in, ba kuwa mai yin ciniki.

Zongo unguwar fatake ce tun asali. Kusancinta da tashar jirgin ƙasa da tashar jirgin ruwa shi ya tara mu a nan, Bakano da Bakatsine da Bagobiri da Bazabarme da mutanen Dendi, kowa da abin da ya kawo shi. Mutanen da suka saba lissafin lokaci da kiran salla da fitar mota zuwa Paraku ko Malanville, yau ga shi an ƙara musu agogo na uku, kuma wannan agogon ba a Kwatano ake saita shi ba.

Malam mai karatu, bari mu yi lissafin tare. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gaban Ingila da awa ɗaya. Wasan da suke farawa ƙarfe 12:30 na ranar Asabar, a nan ƙarfe 1:30 ne, watau ya faɗa kan Azahar. Na ƙarfe 3 ya zama ƙarfe 4, ga La'asar. A gasar zakarun Turai kuwa akwai wasan ƙarfe 6:45 na yamma, wanda a waɗannan watanni yakan ci karo da Magariba, sa'an nan na ƙarfe 9 na dare ya tashi kusan sha ɗaya. Ni da nake tsayawa gaban yara da safiyar Laraba da Alhamis, ba sai an gaya mini wanda ya je kallo ba, idanunsa ne za su ba da shaida. Tun 2024 kuma an mai da ƙungiyoyin wannan gasa 36, kowace ta buga wasa 8 a zagayen farko maimakon 6, darare sun ƙaru ke nan.

Su wa ke yanka waɗannan lokuta? Masu biyan kuɗi. Gasar Firimiya ta Ingila ta sayar da izinin nuna wasanninta a cikin gida kaɗai kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu, daga 2025 zuwa 2029, ban da abin da take karɓa daga sauran duniya. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda a buga wasanni goma a lokaci guda ba, sai a warwatsa masa su daga Juma'a zuwa Litinin domin kowanne ya sami 'yan kallo. A Disamba 2017 an buga wasan Real Madrid da Barcelona ƙarfe 1 na rana agogon Madrid, domin mutanen Asiya su gani kafin su kwanta. Dala ashirin ɗin da yaron Zongo ya miƙa a ƙofar rumfa, mai rumfa zai haɗa su ya biya Canal+ kuɗin wata, daga nan kuma wani kaso ya haye teku. A 2025 ma Canal+ ɗin ta saye MultiChoice, mai DStv da SuperSport, watau rijiyoyi biyun da muke ɗiba sun koma hannun mai gida ɗaya.

Akwai wani abu da ya kamata a ce kowane mai son ƙwallo a ƙasar nan ya sani. A Ingila kanta ba a nuna wasan ƙarfe 3 na ranar Asabar kai tsaye a telebijin. Doka ce ta hukumar ƙwallonsu tun shekarun 1960, daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 ba a watsa wasa, domin kada mutane su zauna gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi wayam. To wannan wasan da suka hana kansu gani, shi ake turo mana, kuma yana isowa daidai lokacin da namu 'yan wasan suke shiga fili. Sun katange gonarsu, sun sako mana awakin.

Na ɗauki zemijan wata Asabar na bar Zongo wajen ƙarfe uku da rabi, muka bi ta Ganhi, muka haye gada zuwa Akpakpa, filin René Pleven. Tafiyar ba ta kai minti goma sha biyar ba. Wasan gasar ƙasa ne, yaran kuma sun yi wasa da zuciya ɗaya, akwai wani ɗan baya na hagu da har yanzu nake tuna yadda yake kwace ƙwallo ba tare da ya taɓa ƙafar mutum ba. Amma da na waiga na dubi inda 'yan kallo suke, sai na ga rumfuna uku na lungunmu in an haɗa su za su yi gogayya da taron. Iska na busowa daga teku, mai gyaɗa da mai ruwan leda suna zagayawa, kana jin muryar mai horarwa tar kamar a aji. Wani dattijo da ke kusa da ni riƙe yake da waya a kunne, yana bin sakamakon Ingila alhali ga wasa a gabansa.

Ba haka abin yake ba a da. Dattawan Zongo suna ba da labarin ranakun da Dragons de l'Ouémé ta Porto-Novo za ta zo ta kara da Requins de l'Atlantique ta Kwatano, gari ya ɗauki zafi tun kwana uku kafin ranar. Hamayya ce ta birni da birni, babban birnin ƙasa a takarda da babban birnin kasuwa, tsakaninsu tafiyar kilomita 30 da 'yan kai. Dragons ɗin nan ita ce ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin ƙungiyoyin Afirka masu riƙe da kofi a 1987, Gor Mahia ta Kenya ta fitar da ita. Abedi Pele na Gana ya taka mata leda kafin ya yi suna a Marseille, haka ma marigayi Peter Rufai, golan Nijeriya. A lokacin, 'yan wasan maƙwabta ne ke zuwa nan neman abinci. In kuma Buffles du Borgou ta sauko daga Paraku, mu 'yan Zongo mun san inda zuciyarmu take, domin ƙungiyar arewa ce, kuma da yawanmu ta Paraku iyayenmu suka biyo.

Abin da ya raunana gasar ba telebijin kaɗai ba ne. Rikicin shugabanci ya ci shekaru, akwai lokutan da ba a buga gasar ba sam, har FIFA ta dakatar da Benin a watan Mayu 2016. Mutumin da ya zo fili sau biyu ya tarar an ɗage wasa, na uku rumfa zai nufa, inda ba a taɓa ɗage masa ba. Daga baya an yi gyara. Gwamnati ta gina filaye 22 a garuruwa, kamfanoni kuma suka ɗauki nauyin ƙungiyoyi, sunayensu ma sun isa bayani: ASPAC ta tashar jirgin ruwa, Loto-Popo, da Coton FC wadda ta ci gasar a 2022 da 2023 da 2024. A farkon shekarun 2020 an raba ƙungiyoyi sama da 30 rukuni huɗu bisa ga yanki, waɗanda suka fito a gaba su haɗu a zagaye na biyu. Dalilin a fili yake, daga Kwatano zuwa Paraku ya haura kilomita 400, kuɗin mota da masauki kuwa ba wasa ba ne ga ƙungiyar da ba ta da kuɗin telebijin.

Wannan rabo na yanki-yanki shi ya tuna mini da abin da ya faru a Amurka, inda jami'o'i suke da irin tasu ƙwallon, wadda ake runguma a hannu a sheƙa da gudu. Kada a raina ta don an ce ta ɗalibai ce, filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da dubu 100. Jami'o'in sun daɗe a rukuni-rukuni bisa ga maƙwabtaka, kowa da abokin hamayyarsa na gado. A 1984 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa jami'o'i suna da ikon sayar da wasanninsu ga gidajen telebijin da kansu, tun daga nan kuɗi ya fara ja. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar kusan dalar Amurka biliyan 7 na shekara bakwai da Fox da CBS da NBC. Sunan rukunin yana nufin manya goma, amma a 2024 sun zama 18, har da USC da UCLA na Los Angeles, waɗanda sai sun yi tafiyar kusan kilomita 4,000 kafin su kai ga Rutgers a ɗaya gaɓar ƙasar. Rukunin da suka baro, Pac-12, ya watse a shekarar, jami'o'i biyu kacal suka rage a cikinsa a lokacin. Oklahoma da Oklahoma State kuwa, 'yan jiha ɗaya da suka fara karawa tun 1904, sun yi wasansu na shekara-shekara na ƙarshe a 2023, domin Oklahoma ta bi kuɗi zuwa wani rukunin. A matsayina na malami abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗalibin da zai kwana a jirgin sama ya wayi gari a aji. Mu rashin kuɗi ya sa muka tsaya kusa da gida, su kuma yawansa ya raba su da maƙwabta.

Hamayyar da har yanzu take girgiza Zongo da gaske ita ce ta Benin da Nijeriya, domin a gida ɗaya sai ka sami uba yana goyon Super Eagles, ɗansa da aka haifa a nan yana goyon Guépards. A Yuni 2024 Benin ta ci Nijeriya 2 da 1, a ƙarƙashin Gernot Rohr wanda ya taɓa horar da Nijeriyar. Wasan gida ne a takarda, amma a Abijan aka buga shi, saboda filin Amitié na Kouhounou bai sami amincewar hukumar ƙwallon Afirka ba a lokacin. Watau ko ƙungiyar ƙasarmu a rumfa muka gan ta. A Oktoba 2025 Nijeriya ta rama da 4 da nema a Uyo, Osimhen ya zuba uku, iyaye suka sami bakin magana a wajen shan shayi.

Ba na cikin masu cewa a rufe rumfuna. Sana'a ce, tana ciyar da gidaje, kuma yaron da ke zaune a benci ya fi wanda ke yawo a bakin tasha. Abin da nake gani shi ne, tun da ba mu da ikon taɓa agogon Ingila, namu muna da iko da shi. Ba dole ba ne kowane wasan gida ya faɗa ƙarfe 4 na Asabar ko Lahadi. Ranar Laraba da yamma babu karatu a makarantun firamare, Turawa kuma sai kusan Magariba suke farawa. A sa wasu wasannin a wannan lokaci, a buga jadawali tun farkon shekara a kuma tsaya a kansa, a bar ɗalibai masu kayan makaranta su shiga kyauta tare da malamansu. Daga ajina kaɗai zan iya kawo yara hamsin, in an samo mana motar da za ta haye da mu gada ta dawo da mu kafin kiran Magariba.