Daga Kano zuwa Nguru, inda dogo ya ƙare

Na kama hanyar Nguru daga Kano a mota, ina ratsa garuruwan da layin dogo ya raya: Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa. Tun kafin in isa na ga cewa wanda ya shata wannan layi kaya yake nema. Ko Haɗeja, duk da sarautarta, dogon bai shiga cikinta ba, sai Malam Madori ta zama tasharta, gari ya tashi a gefen sito da ma'auni. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshen Nguru mai tsawon kusan kilomita 230 kuwa an kammala shi a 1930, ya tsaya a nan, kusa da iyakar Nijar. Gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro da shanu, su ne suka ciyar da wannan ƙaramar tasha, su ne kuma suka tara Barebari da Hausawa da Fulani da mutanen kudu a gari guda. Abin da na gani a hanya ya ƙara mini yaƙinin cewa tashar ta cancanci a dawo mata da aikinta na ɗaukar kaya.

Za a ce gyaɗar ta tafi tun lokacin fari da cutar da suka far mata a shekarun 1970. Gaskiya ne, amma ƙasar ba ta daina haihuwa ba. Riɗi da zoɓo na Jigawa har ƙasashen waje ake kai su, fadamar Haɗeja da Nguru na ba da shinkafa da kifi, shanu kuma ba su fasa gangarowa daga Nijar ba. Duk wannan a bayan tirela yake tafiya yanzu. Na yi ta wuce tirelolin, dabbobi a cunkushe cikin rana, kwalta na farfashewa a ƙarƙashinsu, kuɗin mai da na shingaye kuwa a kan mai saye suke ƙarewa.

Za a kuma ce mota ta fi sauri, ga shi dogon ƙaramin layi ne irin na da. Fasinja mai gaggawa ya hau mota, ban musa ba. Amma buhun riɗi ba ya gaggawa. Arha yake bukata da ranar tashi tabbatacciya, kuma tarago na iya ba shi duka biyun. Hujjar da ta fi nauyi ita ce Turawa sun shimfiɗa layin ne don kwashe arziki zuwa teku. Haka ne, sai dai taragon da ya kai gyaɗa Legas zai iya dawowa da taki da siminti. An ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, ina kuma maraba da shi, amma a Nguru an riga an mallaki filin, an riga an shata hanyar, gyara da jirgi mai zuwa a kan lokaci kawai ake jira.