Wutar Tsakar Dare

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya ga wannan mata da safe tana suyar ƙosai a wata unguwa ta Maraɗi, sai ya ce ta warke sarai. Maigidanta kaɗai ya san abin da dare yake yi mata.

An yi mata aikin sankarar nono a Yamai, aka sallame ta da ƙwayar Tamoxifen, ɗaya kowace rana har shekara 5. Ba a yi wata biyu ba sai wuta ta soma. Da tsakar dare zafi ya taso mata daga ƙirji, ya haye wuya da fuska, zufa ta jiƙe zane sharkaf. Bayan minti 3 ko 4 ya wuce, ya bar ta tana rawar ɗari, gama hunturu ne. Wani daren har sau huɗu.

Aka auna jini, ba zazzaɓi ba ne. Surukarta ta ce sammu ne. Ita kuwa a ranta ta ɗauka ciwon ne ya dawo, maganin kuma wahalar banza. Sai ta daina sha, ba ta gaya wa kowa ba. Ran kwana na goma maigidan ya lura ƙwayoyin ba sa raguwa.

"Uwar yara, me ya faru?"

"Malam, na gaji. In mutuwa ce, bari ta same ni ina barci."

Bai yi mata faɗa ba. Washegari ya kai ta wurin likita.

Likita ya ce, "Mama, irin ciwonki da sinadarin mata yake girma, wanda ake kira isturojin. Ƙwayar nan tare masa hanya take yi. Amma wurin da ke daidaita ɗumin jiki a ƙwaƙwalwa ya saba da sinadarin. Da ya rasa shi, sai ya riƙa zaton jiki ya yi zafi, ya saki zufa, kamar yadda yakan faru ga mata in al'ada ta ɗauke." Ya ƙara da cewa shan ta shekara 5 yana rage mutuwa daga wannan ciwo da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ya gargaɗe ta kada ta sha wani maganin da ke da isturojin, ko na gargajiya, ba da saninsa ba. In zafin ya fi ƙarfinta, akwai maganin da zai rubuta mata.

Suka koma gida suka sake tsarin dare. Ta bar shayi mai zafi da yaji bayan faɗuwar rana. Aka cire ledar da ke kan katifa, aka shimfiɗa zanen auduga. Maimakon bargo ɗaya mai kauri, mayafi biyu marasa nauyi, ta yaye ko ta ja yadda jiki ya so. Kusa da gado ga ruwan randa, da tsumma, da mafici, da busasshen zane na canji. In wutar ta taso, takan zauna ta ja numfashi a hankali har ta lafa.

Zafin bai tafi gaba ɗaya ba. Da bazara ma a tsakar gida take kwana cikin gidan sauro. Amma tsoron ya tafi. Yanzu in ta motsa da dare, maigidan ba ya tambaya. Yakan miƙa hannu cikin duhu ya ɗauko maficin. Da asuba kuma shi ke ajiye mata ƙwayar kusa da kofin ruwa, kafin ta hura wutar ƙosai.