Akwatin Kaka

A ƙarƙashin gadon Kaka akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Ba ya buɗe shi sai damana ta wuce, don ya shanya abin da ke ciki. Bana jikarsa ta tarar da shi zaune a tabarma, ya baje kayan: usur, tsohuwar hula, hotuna uku, takarda mai sunaye, da wani ƙulli a tsumma.

Kaka malamin makaranta ne a Maraɗi har ya yi ritaya. Lokacin da yake saurayi, idan an yi babban hutu, ba ya tafiya gona nan da nan. Shekara biyar a jere yana kula da yara a koloni, wato sansanin hutu. Ana tara ƴan makaranta daga garuruwa dabam-dabam, su yi mako uku wuri ɗaya. Shi ke tashe su da safe, ya duba wanda bai yi wanka ba, ya koya musu wasanni, da dare ya lallashi masu kukan gida. Aikin da ya fi kowane nauyi shi ne ƙidaya. Yara 24 aka ba shi, 24 zai mayar.

Yarinyar ta ɗauki ƙullin. Ta ce: «Kaka, dutse ne?»

Ya ce: «Amarya, ajiye a hankali. Gishirin Bilma ne.»

A 1986 ne. An kai yaran Yamai. Sun ga kogin Kwara, sun hau gadar Kenedi, sannan aka shiga gidan tarihi na ƙasa. Yara sun ruɗe da kallon zakuna da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin dā. Da la'asar Kaka ya busa usur, ya ƙidaya: 23. Ya sake, 23. Wanda ya ɓace ƙaramin yaro ne daga Tawa, mai shiru-shiru, wanda bai taɓa zuwa birni ba.

Kaka ya bar sauran a hannun abokin aikinsa, ya kama gudu. Ya leƙa wajen kadoji, gabansa yana faɗuwa. Ya tambayi masu saƙa, ya tambayi maƙera. Ba wanda ya gan shi.

A ƙarshe ya same shi tsaye gaban wani busasshen itace da aka yi wa rumfa. Itacen Tenere ne. Dā shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar hamada, kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Saiwoyinsa sun nutse fiye da mita 30 kafin su kai ga ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, aka ɗauko shi zuwa Yamai.

Kaka bai tsaya tambaya ba. Ya kai wa yaron mari. Tsoro ne ya sa shi, amma mari dai mari ne.

Yaron bai yi kuka ba. Ya ce: «Mushe, babana ya sha hutawa a gindinsa. Ya ce in na zo Yamai in gaishe masa da shi.» Uban ɗan ayari ne, kuma ya rasu a farkon shekarar.

Suka tsaya tare, ba mai magana, har mai gadi ya zo ya ce za a rufe ƙofa.

Ranar rabuwa, yara suna hawa mota, yaron ya ciro guntun gishiri daga jakarsa. Ya fasa shi biyu, ya miƙa wa Kaka rabi. Kaka ya so ya ce masa ya yi haƙuri, amma direba ya riga ya tayar da mota.

Yarinyar ta kwance tsumman. Ta ce: «Ai ɗan kaɗan ne!»

Kaka ya ce: «Dā ya kai dunƙulen hannunki. Kowace damana sai laima ta ɗan ci shi.» Ya karɓa, ya ɗora shi a faifai, ya matsar da shi inda rana take.