Mu huɗu, asusu ɗaya, da Iskandariyya

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Duk ɗan Arewan da ke karatu a Kudu ya san hutu ma'anarsa ɗaya ce: gida. Kafin a ajiye biron jarrabawar ƙarshe jaka ta riga ta ɗauru. Mu na Ibadan sai tashar Ojoo, a kwana ana tafiya, Ilori, Jebba, Mokwa, a yi asuba a gefen titi, ka isa gida ƙafafu sun kumbura. Sati biyu ko uku ka ci tuwon Hajiya, ka zaga dangi, a ɗaure maka ƙuli-ƙuli da yaji, ka juyo. Shekarata uku ina wannan zirga-zirgar kuma ban raina ta ba. Amma bana mu huɗu a ɗakinmu mun ƙulla wani abu daban. In Allah ya yarda, babban hutu mai zuwa Iskandariyya za mu, ta ƙasar Masar, kwana bakwai zuwa goma, mu ga Bahar Rum mu dawo.

Na san abin da wasunku suka faɗa a zuci yanzun nan: mai jiƙa garin kwaki da daddare ne zai je yawon buɗe ido? Eh, shi ne. Ku dai bi ni a hankali.

Da na faɗa wa kakata sunan garin a waya sai da ta yi salati, ta ce wane irin gari ne aka rasa sunan da za a raɗa masa sai na iskanci. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa sunan wanda ya kafa shi ne, Iskandar, sarkin nan na Makidoniya, a shekarar 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Har yau ba ta gamsu ba.

Ba da Iskandariyya muka fara ba. Ɗan Gusau ɗin ɗakinmu Sharm el-Sheikh yake so, saboda hotunan da yake gani a Instagram. Ba laifi, can bakin Bahar Maliya ne, ko da hunturu akwai ɗumi. Sai dai garin otal-otal ne, an gina shi don baƙi masu dala, in ba ka da kuɗin nutso da kallon kifi a ƙarƙashin ruwa to zaman ɗaki za ka yi. Mu kuwa gari muke so mai mutane, mai kasuwa da masallatai da hayaniya, inda talaka zai ci ya ƙoshi. Iskandariyya ita ce birni na biyu a Masar, miliyoyin mutane ke rayuwarsu a ciki ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Ga titin bakin teku da suke kira Kurnish, doguwar hanya ce ta kilomitoci da yawa, zama a kan katangarta kyauta ne.

Amma ni abin da ya ja ni ba tekun ba ne kaɗai. Duk wanda ya tashi a irin unguwarmu ya san Burda, ya ji ta a Maulidi, ya ji ta a bakin tsofaffi, wasunmu mun haddace baitoci tun ba mu san fassararsu ba. To masallacin Imam Busiri, mai Burda da Hamziyya, da kabarin da ake ziyarta da sunansa, suna nan Iskandariyya, unguwar Anfushi, dab da babban masallacin malaminsa Abul Abbas al-Mursi, wanda asalinsa mutumin Andalus ne, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali. Ibn Aɗa'illah mai littafin Hikam da ake karantawa a zaurukanmu shi ma ɗan garin ne, shi ya sa ake ce masa al-Iskandari. Ranar da na gano haka sai na ji garin ya daina yi mini nisa. Ashe tun ina yaro ina jin muryarsa, ban san daga ina take fitowa ba.

Nan fa aka yi ƙaramin rikici, don Ustazun ɗakinmu ya ce shi ba ruwansa da ziyarar kaburbura, kuma ba zai sa kuɗinsa a tafiyar da aka gina a kan haka ba. Mutumin Azare, wanda gidansu 'yan ɗariƙa ne gaba da baya, ya ce shi kuma in ba don wannan ba me zai kai shi. Kun san yadda irin wannan musun ke kaiwa ƙarfe biyun dare. Yadda muka rabu: ranar Anfushi kowa ya yi sallarsa, mai shiga ya shiga, wanda ba ya so ya jira mu a wurin masu kifi, don unguwar masunta ce. Ustaz ya ce wannan sulhun ya yi masa, in dai mu za mu biya kuɗin kifin.

Daga can kuma da ƙafa za a iya isa ganuwar Ƙaitbay, wadda Sarki Ƙaitbay ya fara ginawa a 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, wadda ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Sai ɗakin karatun nan da aka buɗe a 2002 don tunawa da tsohon da ya ɓace, wanda aka sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya iri-iri a jikin katangarsa. Mu da muke rububin kujera a laburare lokacin jarrabawa, ina so in zauna a cikinsa ko na awa ɗaya ne, in buɗe littafi, ba don ana bina bashin wani kwas ba.

Maganar lokaci ta fi ba mu wahala fiye da yadda za ku zata. Mutum ya ji an ce ƙasar Larabawa sai ya ɗauka kullum rana ce. Iskandariyya ba haka take ba. Disamba da Janairu lokacin ruwan samansu ne, da iska mai ƙarfi daga teku da suke kira nawwa, da daddare sanyi kan sauka wajen digiri 10. Wato hutun Kirsimeti, wanda shi ne hutun da muka fi tabbas da shi a nan Kudu, shi ne mafi rashin dacewa. Yuli da Agusta kuma akwai ɗumi sosai, amma lokacin ne mutanen Alƙahira ke kwararowa gudun zafin garinsu, masauki ya yi tsada, bakin ruwa ba masaka tsinke. Abin da ya fi shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. To ku gaya mini, wane ɗalibin jami'ar gwamnati ne zai rantse a kan inda zai kasance a watan Oktoba? Kalandarmu da fensir ake rubuta ta. Don haka muka yanke ba za mu sayi tikiti ba sai jadawalin jarrabawa ya fito an manna shi a allo, ko da zai ɗan fi tsada.

Kuɗi. Ba ɗan mai kuɗi a cikinmu. Ɗaya yana POS a ƙofar hostal, ɗaya yana sayar wa abokanmu Yarbawa huluna da turare, Ustaz yana koyar da yara a Sabo da yamma, ni kuma ina buga wa 'yan ajin ƙarshe firojet a kwamfuta. Duk ƙarshen wata kowa ya kawo abin da ya samu, mu je wurin 'yan canji a Sabo mu mayar da shi dala, ko goma ce ko ashirin. Dalili kun san shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Wanda ya ajiye naira a asusu yana barci kuɗinsa na zagwanyewa. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne su ma Misrawan sun saki fam ɗinsu a Maris 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Mai dala a hannu, ko kaɗan ce, zai ci ful da burodi da ɗa'amiyya, wadda ƙanwar ƙosai ce, da koshari, da hantar nan tasu mai yaji da aka san garin da ita, ba tare da ya yi kuka ba. Jirgi da masauki su ne masu cin kuɗin.

Mun kafa doka ɗaya tun ranar farko: kuɗin kowa nasa ne, an rubuta a littafi, in wata lalura ta taso a gida mutum ya ɗauki nasa ba tambaya ba gori. An kuwa gwada dokar. Watan jiya aka sa ranar ƙanwar ɗan Gusau, ya zo ya zare fiye da rabin nasa ya tura na kayan ɗaki. Ba wanda ya ce uffan, don ko waninmu ne abin da zai yi ke nan. Yanzu yana ƙoƙarin cikewa. Ya ce in bai kai ba mu tafi kawai mu kawo masa hoto, mu kuma mun ce a'a. Gaskiya ban ga yadda za mu zauna a Kurnish mu uku muna shan rake alhali shi ya fara kawo maganar tafiyar ba.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani. Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara, biza kuma ɗan Najeriya tun daga gida yake nemanta, ofishin jakadancinsu na Abuja. Muna haɗa takardar shaidar ɗalibta daga makaranta da bayanan asusun banki. In an sauka Alƙahira, Iskandariyya tafiyar kamar kilomita 220 ce, awa biyu da rabi zuwa uku a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, sai dai kuɗin tikitin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, don haka wataƙila bas za mu hau. Katin ɗalibi na ƙasa da ƙasa yana rage kuɗin shiga wuraren tarihi, shi ma muna nema.

Larabci kuwa, Ustaz ya ɗauka ya gama da wannan. Sai da muka kunna masa wani fim ɗin Masar ya yi tsit. Su jimun ɗinsu ga ce, ƙaf kuma sun haɗiye ta, Jamal ya koma Gamal, ƙahwa ta koma ahwa. Za su gane Larabcin Islamiyyarmu, amma za su ji ka kamar mai huɗubar Juma'a a wurin sayen tumatir. Yanzu kullum bayan isha muna koyon kalma biyar. Na kuma san cewa baƙar fata kan ji maganganu a titi a can, ɗaliban da suka zauna a ƙasar suna faɗa. Mu da muka shekara uku ana kiranmu aboki ana tambayarmu ina shanunmu, fatarmu ta ɗan yi kauri. Ba daɗi, amma ba zai hana ni tafiya ba.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban aikin Baba ne.

Da na gaya masa, shiru ya yi, sannan ya ce, "Wa ba shi da lafiya?" Don a wurinsu wanda ya ce Masar, to ko Azhar za shi karatu ko asibiti za a kai shi. Na ce lafiya lau, Baba, ganin gari za mu. Ya ce, "Kana da kuɗin jirgi zuwa ƙasar Larabawa, ka tsallake Ɗakin Allah ka tafi kallon ruwa?" Wallahi tambayar ta zauna mini, na kwana biyu ina juya ta. Na yi masa bayani cewa abin da muka tara bai kama ƙafar kuɗin Umara ba, kuma niyyar Umara tana nan ba abin da ya taɓa ta. Amma na san ba lissafi ne ya dame shi ba. A gidajenmu tafiya sunaye huɗu gare ta: karatu, fatauci, ibada, jinya. Wadda ba ta shiga ɗaya daga ciki ba sunanta yawo, kuma kun san matsayin ɗan yawo a wurin iyayenmu.

Ni kuma ga yadda nake gani. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, suna tsayawa suna noma suna sana'a, suka dawo da labarin garuruwa da harsuna da abincin mutane, har yau jikokinsu na ba da labarin. Ba mutanen da ke tsoron ganin duniya ba ne. Mu ne muka zo zamanin da yawancinmu ba za su taɓa hawa jirgi ba sai ciwo ya ci ƙarfinsu an haɗa musu kuɗi a masallaci. Ina so in ga ƙasar nan da ƙafafuna ina da lafiya, kafin hidimar ƙasa da neman aiki da aure su rufe ƙofa. Ban faɗa wa Baba haka kai tsaye ba, ba a yi wa uba lakca. Yayana na tura.

Hajiya kuma nata tsoron daban. Ta ji ana cewa daga gaɓar tekun nan matasa ke shiga kwale-kwale zuwa Turai. Ba kuma ƙarya ta ji ba: a Satumbar 2016 wani jirgin 'yan ci-rani ya kife kusa da Rashid, gabas da Iskandariyya, sama da mutum 200 suka rasu. Ta sa na yi mata alkawari har sau uku cewa ko jirgin ruwan yawo ba zan shiga ba. Sai kuma ta ce, "To hutun naka fa, ba za mu gan ka ba ke nan?" Wannan ta fi komai taɓa ni. Saboda ita muka canza tsari gaba ɗaya. Da daga Legas za mu tashi tunda ta fi kusa da makaranta, yanzu ta Kano za mu bi, tunda EgyptAir na tashi daga can. Kowa ya fara zuwa gida ya yi sati, mu haɗu a Kano, in mun dawo kuma a sake kwana biyu a gida kafin a kama hanyar Ibadan.

Shekaranjiya Yaya ya kira ni. Baba bai ce eh ba, amma ya daina cewa a'a. Sharaɗi biyu ya kafa. Na farko in kawo masa sakamakon wannan zangon ya gani da idonsa, wannan tsakanina da littattafaina ne. Na biyu, sai ya yi magana da wani ɗan Arewa da ke zaune a can wanda zai san inda muka sauka, ya ji muryarsa da Hausa.

To jama'a, a nan nake neman ku. Duk mai ɗan uwa ko aboki da ke karatu a Iskandariyya, ko a Azhar a Alƙahira, mutum mai natsuwa wanda zai iya gaisawa da dattijo a waya ya jure tambayoyinsa, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Kilishinsa da yajinsa suna wuyanmu.