Tsuntsun da ake ƙidaya shi da kunne

Tun muna ƴan lakwal nake ganin wani tsuntsu mai dogon baki a jikin gwangwanin man goge takalmi na Kiwi. Wallahi sai da na girma na san da gaske akwai shi, can ƙasar Niyu Zilan.

Kiwi ba ya tashi sama, kuma sai dare yake fitowa kiwo. To yaya za a ƙidaya abin da ba a gani? A nan ne labarin ya kama ni, ni da kunne ne jarina. A watannin Mayu da Yuni, lokacin sanyinsu ke nan, manoma da malaman makaranta da tsofaffi ƴan ritaya suna fita daji a daren da babu farin wata. Mutum ya zauna awa 2, shiru, da takarda da biro. Namiji kukansa siriri ne kamar fito, macen kuwa muryarta a shaƙe take. Duk kukan da aka ji a rubuta lokacinsa da ɓangaren da ya fito. Baɗi a koma wuri ɗaya a sake. Babu albashi fa!

Kusan 70,000 suka rage. Inda ba a tsaro, cikin ƴaƴa 100 kamar 5 ne ke girma. Mai cinye su wata ƴar dabba ce mai kama da tunku, wadda Turawa suka kawo wajen 1880 don ta kashe zomaye, ita kuwa ta ga nama mafi sauƙi. Shi ya sa mutanen karkara ke bin layin tarko a ƙafa, suna zubar da mushe, suna sa sabon ƙwai. Wasu ƙwayayen kiwin kuma ɗauke su ake yi a ƙyanƙyashe, sai ɗan ya kai kilo 1 a mayar da shi daji.

Amma abin da ya fi wuya shi ne kare. A 1987 kare ɗaya tak ya kashe kimanin kiwi 500 a dajin Waitangi. Tarko ba ya gardama da kowa. Kare kuwa na maƙwabci ne, sai ka je ka yi sallama ka ce masa ya ɗaure abinsa. Kun dai san yadda irin wannan magana ke ƙarewa a unguwa.

Jiya da dare na kashe rediyo na zauna tsakar gida in gwada. Minti 10 na yi, sauro ya kore ni.