Kafin Ka Sa Wufar Mota A Ɗakinka

Ina amfani da wufar mota mai inci 12 a ɗakina nan Agege, kuma samarinmu da yawa na son irin wannan rugugin saboda kallon ƙwallo da fim. Abin yana yiwuwa, amma sai an san wutar da kayan ke ci.

Amfilifayar mota batir take ci, bolt 12. Wutar NEPA kuwa kusan bolt 230 ce. Wanda ya haɗa su kai tsaye ya ƙona kayansa, wataƙila har da ɗakin haya.

Wasu kan ɗaura wufar a jikin rediyon gida. Matsalar ita ce yawancin wufar mota om 4 ce, rediyon gida kuma galibi an yi shi ne don sifika mai om 6 ko 8. Wufar za ta ja wuta fiye da ƙarfinsa, ya ɗau zafi, ya riƙa ɗaukewa, wata rana ya mutu.

Ni amfilifayar mota na saya a Ladipo, sai akwatin wutar tsohuwar kwamfuta daga Computer Village a Ikeja. Wayoyinsa masu ruwan ɗorawa su ne bolt 12, baƙaƙen su ne na ƙasa. Ba ya tashi sai an haɗa koriyar waya da baƙa. Ita ma amfilifaya ba ta kunnuwa sai an kai bolt 12 wurin da aka rubuta REM. Sautin kuma daga rediyo yake zuwa ta wayar nan mai kai ja da fari.

A kula da lissafi. Wat 200 a kan bolt 12 ya kusa amfiya 17, don haka a duba takardar jikin akwatin ko zai iya. A tara wayoyin ɗorawa da yawa wuri guda, a sa fis, a guji siririyar waya. Kada a buɗe akwatin, yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket. Wanda bai saba ba ya kira mai gyaran rediyo, kuɗin aikinsa bai kai na sabuwar amfilifaya ba.

Sannan rugugin wufa ratsa bango yake yi. Gidajen Legas ɗaki a jikin ɗaki ne, da Bayarabe da Inyamuri muke kwana, ga jarirai ga tsofaffi. Dare ya yi, a rage. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu.