Rumbun Adar: lissafin kauri da amanar magini

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ya zarce Keita bayan girbi, rumbuna ne ke fara tarbarsa kafin gidaje. Manya ne masu ƙaton ciki, wasu sun fi ɗakin maigida tsawo, an ɗora su kan duwatsu don kada danshi da gara su kai gare su, an kifa musu hular ciyawa. Abin da baƙo ba ya gani daga waje shi ne rashin kaurin bangon, wanda sau da yawa bai kai faɗin tafin hannu ba. Miƙaƙƙiyar katanga mai wannan kauri da wannan tsawo da wuya ta ga ƙarshen damina. Rumbu kuwa yakan yi shekaru yana riƙe da dammunan gero.

Siffarsa ce ke riƙe da shi. A 1827 masanin lissafi Bajamushe Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da cewa abin da ya lanƙwashe ta fuska biyu ba zai shimfiɗu ba sai an ja fatarsa, ko an matse ta, ko ta yage. Tabarma takan naɗu ba gardama, amma ƙwarya, duk da rashin kaurinta, ba ta bajewa sai ta fashe. Rumbun laka ɗan gidan ƙwarya ne: nauyi ba ya samun inda zai tanƙwara shi, sai ya bi jikin bango ya sauka kan duwatsu. Da wannan ilimin Félix Candela ya rufe gidan cin abinci na Los Manantiales a Meziko a 1958 da rufin kankare mai kaurin santimita 4 kacal.

Maginan jihar Tawa da hannu suka gaji wannan sani. Falke Barmou na garin Yama ya fara masallacin laka a 1962, daga baya ya ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ginin da ba ya cin itace, mai ƙubba da bakan tubalin laka, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara gwadawa a Cikal a 1980, shi ma kan wannan ƙa'ida ya tsaya. Amfaninsa a bayyane yake a ƙasar da sai da aikin raya karkara na Keita, wanda ya soma a 1984 da tallafin Italiya, ya dasa miliyoyin itatuwa kafin tsaunuka su fara farfaɗowa.

Sai dai lissafin yana da ɓangare mai ban tsoro, kuma shi ya kamata masu ba da aiki su sani. Taurin bango wajen ƙin tanƙwara ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa. Kaurin ake ninkawa da kansa har sau uku. Idan an yi jinga kan santimita 10 aka zuba 8, abin da aka rage kashi 20 cikin 100 ne, amma taurin da ya saura kashi 51 ne kawai. Ƙarfin ƙubba na jure danniya kafin ta lotsa yakan koma kashi 64. Idan kuma aka ninka faɗin ƙubba aka bar kaurin yadda yake, rubu'in ƙarfinta ne ke saura. A 1945 injiniya W. T. Koiter na Holan ya nuna cewa ɗan lotsawa kaɗan a jikin irin wannan gini na iya zubar da kaso mai yawa na ƙarfinsa. An fitar da waɗannan alƙaluma ne don kayan gini marasa aibi, laka kuwa ta fi su rashin haƙuri.

A nan algus ɗin gini ya fi na kasuwa muni. Mai awon da ya tauye tiya a kasuwar Tunfafi ya ci haram, amma asarar mai saye daidai take da abin da aka tauye, kuma zai iya sake awo a gida. Wanda aka rage wa kauri, ko aka ɗora masa sabon zubin laka kafin na ƙasa ya bushe, ko aka ƙara wa simintinsa yashi, ba shi da ma'auni. Yaɓe ya rufe komai, an biya, an yi sallama. Sai ruwan watan Agusta ya sauka tsaga ta bayyana, lokacin da abincin gida na shekara ke ciki, ko yara ke zaune ƙarƙashin rufin aji.

Ba magini kaɗai ke da laifi ba. Mai aikin da ya matse jinga har ta kasa biyan laka, ciyawar kwaɓi da kwanakin bushewa, shi ma ya sa hannu a ragin. Haka ɗan kwangilar da ya karɓi aikin tankin ruwa ko ajin makaranta a farashin da ya san ba zai isa ba.

Idan rani ya kama, lokacin gini ke nan a Adar da kwarin Majiya. Mai shirin ba da aiki ya sa a faɗi kauri da kwanakin bushewa gaban shaidu kafin a kwaɓa laka, ya leƙa aikin kafin a yi yaɓe, kuma ya biya magini haƙƙinsa cikakke.